Karatun La'asar a Birnin Gwari

Wanda ya tashi daga Kaduna ta Mando ya miƙe yamma, in ya yi tafiyar wajen kilomita 120, zai kai Birnin Gwari. Hanyar tsohuwa ce. Ita manyan motoci suka saba bi zuwa Ikko, ta Tegina da Mokwa da Jebba. Za ka wuce garuruwa irin su Buruku da Udawa da Kuriga, dukansu a ƙasar Chikun, kafin ka shiga ƙasar Birnin Gwari sosai. Mu da kaka muka bi ta. Dama da hagu masara ta bushe a tsaye, dawa ta sunkuyar da kai, ga shinkafa a fadamu tana jiran lauje. Amma tsakanin gona da gona akwai wuraren da ciyawa ta fi tsawon mutum, mangwaro da kangon ɗakuna su kaɗai ke nuna dā akwai gari a wurin.

Ƙasar tana iyaka da jihohi uku, wato Neja da Zamfara da Katsina. Hausawa da Fulani da Kamuku da Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, duk suna zaune a ciki. Yawancin mutane Musulmi ne, suna ƙarƙashin Sarkin Birnin Gwari. Masu bi kuwa kaɗan ne, sun warwatsu cikin gari da ƙauyuka. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai. Hatsinta yana ciyar da garuruwa masu nisa, akwai kuma zinariya a ƙarƙashinta.

Daji da tarihinsa

Ba a maganar Birnin Gwari a bar daji. Tun 1936 hukumar En'e ta keɓe wani babban yanki nasa don kada a sare. A 1999 gwamnatin tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, mai suna Kamuku, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120. Itacen doka shi ya fi yawa, sai kaɗanya da ɗorawa da maje da marke. Tsofaffin mafarauta suna ba da labarin giwaye da gwanki da garken bika. Dajin bai tsaya a iyakar jiha ba. Ya haɗu da na Kuyambana a Zamfara, har mutum ya iya tafiyar kwanaki a inuwa ba tare da ya fito titi ba.

Wannan duhuwa ta daɗe tana ɓoye mutane, masu gudu da masu kora. A ƙarshen zamanin da ya gabaci zuwan Turawa, mayaƙan Ibrahim Nagwamatse na Kontagora sun addabi ƙasar Gwari da kamun bayi. A wannan zamani ne samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a watan Disamba 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan. Gowans ya rasu a Girku, ƙasar Zazzau, a Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida wata guda bayansa. Bingham kaɗai ya koma gida. Daga wannan mafari mai kama da hasara ne mishan ta S.I.M. ta fito, daga gare ta kuma ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

A zamaninmu wahala ta sāke fitowa daga dajin nan. Ta fara da satar shanu, ta koma fashi a hanya, ta kai ga satar mutane don kuɗin fansa. A Oktoba 2012 aka kashe mutum wajen 20 a Dogon Dawa, waɗansunsu a lokacin sallar asuba. A Mayu 2018 aka kashe fiye da 40 a Gwaska. A Mayu 2023 aka kwashe masu sujada daga majami'ar Baptis ta Bege a Madala, wajen Buruku, ranar Lahadi da safe. Ran 7 ga Maris 2024 aka kora 'yan makarantar Kuriga zuwa daji, aka komo da 137 bayan fiye da mako biyu. Ku lura, ya 'yan'uwa, masallaci da majami'a da makaranta duk sun sha daga ƙwarya guda. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da waɗansu shugabannin 'yan bindiga, ya buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Bayan wannan ne motoci suka ƙaru a hanya, mu ma muka sami zarafin zuwa.

Jama'ar da ba ta da majami'a

Waɗanda muka je gani wata ƙaramar jama'a ce ta masu bi a gefen gari. Asalinsu daga wani ƙauye ne na bakin daji, ba za mu faɗi sunansa ba saboda lafiyarsu. An tashe su da dare shekarun baya. Majami'arsu tana can, kwanon rufinta ya tafi, akwatin baiko da bencuna sun zama toka. Mai bisharar da yake kula da su ya kai iyalinsa wani gari, hanya kuwa ta hana shi komowa har tsawon lokaci. Suka zauna ba fasto, ba ƙararrawa, ba ɗakin sujada.

Abin da ya rage musu shi ne ajin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. A ƙauye da dare suke yinsa, da fitilar ƙwai. Da tsoro ya yi yawa, hasken fitila ya zama abin jawo ido, sai suka mai da shi la'asar. Har ranar da muka je, da la'asar suke taruwa, a tsakar gidan wani dattijo, a gindin mangwaro.

Mun iske mutum 30 da 'yan kai a kan tabarmi, maza gefe guda, mata gefe guda, yara a tsakiya. Littattafai 4 ne a hannunsu. Ɗaya tsohuwar fassara ce ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na C.M.S. a Zariya da abokan aikinsa na waɗansu mishan suka yi shekaru suna wahala a kanta. Bangonta ya fita, an ɗinke ta da zare. Wata tsohuwa ce ta fito da ita daren gudu, cikin ƙwaryar da ta ɗauko, ita kuwa ba ta iya karatu ba. Sauran 3 fassarar 1979 ce. Wani saurayi kuma yana da nasa a cikin waya.

Ga yadda suke yi. Bayan waƙa da addu'a, sai wata yarinya 'yar sakandare ta karanta surar da ƙarfi. Wani ya sāke karantawa daga ɗaya fassarar. Sa'an nan dattijo ya juya ta da Gwari saboda tsofaffin mata. Sai a rufe littattafai, a ce jama'a su ba da labarin da bakinsu. Wannan ya fara, wancan ya ci gaba, in wani ya tsallake abu, a tuna masa. Daga nan tambaya ta buɗe, ba a hana kowa. Mun tuna da mutanen Biriya cikin Ayyukan Manzanni sura 17, waɗanda aka yaba musu don sukan bincika Littattafai kowace rana, su ga ko abin da aka faɗa musu haka yake.

Su wane ne Madayanawa?

Surar wannan rana Littafin Mahukunta ce, sura 6, labarin Gidiyon. Shekara 7 Madayanawa suna zuwa da raƙuma da dabbobi suna cinye amfanin gonar Isra'ilawa, har mutane suka koma zama cikin kogwanni. Gidiyon kansa a ɓoye yake sussukar alkamarsa don kada a ƙwace. Da yarinyar ta kai nan, sai muka ji tsofaffin mata suna gyaɗa kai suna gunaguni. Ba su bukaci bayani ba. Su ma sun yi casa a ɓoye. Sun san manoman da suka biya kuɗi kafin a bar su su yi shuka, suka sāke biya kafin girbi.

Wani saurayi, wanda aka kashe wansa a gona, ya miƙe. Ya ce shi ya gane surar sarai. Madayanawa makiyaya ne, na zamanin nan ma an san su, Allah kuwa takobi ya ba Gidiyon. Wuri ya yi tsit. Dattijo bai tsawata masa ba. Ya ce, “Ɗana, ka yi tambaya mai nauyi. Zauna mu ji ko wani yana da abin da zai ƙara.”

Tsohuwar nan mai littafin 1932 ita ta amsa, da Gwari, aka juya mana. Ta ce ta tuna a Zumuntar Mata an taɓa karanta musu labarin Musa sa'ad da ya gudu daga Masar. Wace ƙasa ya tafi? Wa ya ba shi masauki da abinci da mata? Yarinyar ta buɗe Fitowa sura 2, ta karanta. Ƙasar Madayana ce. Surukin Musa, Yetro, firist ne na Madayana, mai garken tumaki, shi ne kuma a sura 18 ya ba Musa shawarar da ta sauƙaƙa masa shari'ar jama'a. Tsohuwar ta ce, “To, ɗan nan, in Madayanawa duka abu guda ne, ina za ka sa surukin Musa?”

Sai wani magidanci ya tuna wa jama'a cewa daren da aka tashe su, wani Bafulatani maƙwabcinsu ne ya aiko yaronsa da magariba ya ce su kwashe yara. Shi ma shanunsa aka fara korewa, tun kafin a taɓa gonar kowa. Saurayin bai ce ya yarda ba, ba wanda kuma ya tilasta shi. Amma ya zauna har aka tashi, aka sa shi ya karanta ƙarshen Romawa sura 12, inda manzo Bulus ya hana masu bi ɗaukar fansa da hannunsu.

A nan muka ga amfanin karatu tare. Da saurayin nan shi kaɗai ya karanta surar a ɗakinsa, da baƙin cikinsa zai karanta ta, abin da zuciyarsa take so kuma shi zai samu a ciki. Mutum mai ciwo yakan ga ciwonsa a kowace aya. Allah kuwa ya ajiye rabin amsar a kan tsohuwar da ba ta san baƙi ba, ya ajiye sauran a bakin yarinyar da ta san inda Fitowa take. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zabura ba laya ba ce

Bayan an tashi, dattijon ya ba mu labarin wata gardama da ta kusa raba su. Lokacin da tsoro ya yi tsanani, waɗansu suka fara rubuta Zabura 91 a takarda suna sawa a aljihu in za su gona. Waɗansu sukan buɗe littafin a wannan wuri su sa ƙarƙashin matashin kai. Zabura ce mai daɗi, cike da alkawarin tsaro. Sai ga shi an kama wani mai bi na kirki a hanyar gona, takardar tana aljihunsa, bai kuwa komo ba. Matarsa ta daina zuwa aji. Waɗansu suka fara raɗa cewa watakila bangaskiyarsa ce ta kasa, ko kuwa yana da wani zunubi a ɓoye.

Laraba uku suka yi a kan wannan magana. Wani ya kawo Matiyu sura 4, inda Shaiɗan da kansa ya ɗauko aya daga wannan Zabura ya jarabci Ubangijinmu da ita, Yesu kuwa ya ƙi ya gwada Allah. Wata ta kawo Daniyel sura 3, samari uku a bakin tanderu, waɗanda suka san Allah yana da iko ya cece su, suka kuma ƙudura ba za su yi wa gunki sujada ba ko da bai cece su ba. Aka karanta Ibraniyawa sura 11 har ƙarshe, aka ga cikin jerin masu bangaskiya akwai waɗanda suka tsere wa takobi, akwai kuma waɗanda takobi ya ci, duka kuwa an shaide su. Game da raɗar zunubi, aka karanta Luka sura 13, inda Yesu ya ce mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba.

A Laraba ta uku matan Zumunta suka tafi gidan gwauruwar, suka karanta mata waɗannan wurare, waɗanda suka yi raɗa suka roƙe ta gafara. Ta komo. Ranar da muka je tana nan, ita ce ma ta ta da waƙar farko. Dattijon ya ce har yanzu suna ƙaunar Zabura 91, yara ma sun haddace ta. Amma sun bar ɗaure ta a jiki kamar laya, da baki suke yin addu'a da ita.

Tambayar da ba su gama ba

Kada ku zaci kome ya warware. Sulhu ya kawo sabuwar tambaya, wadda ta fi na dā wuya. Ranar kasuwa mutum yakan hangi fuskar da ya sani daga daji. Wata mata ta ga wanda ya tsare ta wata biyu yana cinikin rago. Iyalinta sun sayar da gona da babur kafin su fanshe ta. Ta kawo maganar aji. Ta ce in ya gaishe ta, me za ta ce?

Sun karanta labarin Hananiya a Ayyukan Manzanni sura 9, wanda Ubangiji ya aike shi wurin Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya, ya ji tsoro, ya faɗi tsoronsa, duk da haka ya tafi ya kira shi ɗan'uwa. Sun karanta na Zakka a Luka sura 19, wanda tubansa ya sa ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace ninki huɗu. Waɗansu suka ce gafara wajibi ce ko mutum ya tuba ko bai tuba ba. Waɗansu suka ce gafara daban, amincewa daban, tuban da ba ya mayar da kome kuwa akwai alamar tambaya a kansa. Wani ya ce hukunci aikin hukuma ne bisa ga Romawa sura 13, mai bi kuwa yana da ikon ya nemi a yi shari'a ba tare da ƙiyayya ba.

Ba su kai ga magana guda ba. Abin da suka yarda a kai shi ne, matar ba za ta ƙara zuwa kasuwa ita kaɗai ba, biyu daga cikin matan Zumunta za su riƙa raka ta. Suka kuma sa sunan mutumin cikin addu'ar Laraba, ko da yake ita ba ta iya cewa amin ba tukuna. Ba wanda ya zarge ta. Dattijon ya ce mana, “Malamai, mu manoma ne. Mun san ba a shuka yau a yi girbi gobe.”

Abin da muka ɗauko

Wannan hanyar karatu ba sabuwa ba ce. A zamanin Nehemiya, sura 8, Ezra ya karanta Attaura a dandali, maza da mata suna tsaye, Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana don kowa ya fahimta. Haka iyayenmu suka yi a ajin karatu na ƙauyuka, inda mutum yakan koyi a, ba, ca domin ya karanta Markus da kansa kafin baftisma. Haka kuma aka yi a ƙananan ƙungiyoyin addu'a na Sabon Rai Don Kowa tun shekarun 1960. Amma da yawa daga cikinmu da muke manyan garuruwa mun sake. Muna da majami'u masu bene da lasifika, muna da Littafi Mai Tsarki a kowane ɗaki, mun bar wa fasto shi kaɗai ya karanta mana ran Lahadi. Wa'azi abu ne mai kyau, Allah ne ya kafa shi. Sai dai a lokacin wa'azi ba wanda yake ɗaga hannu ya ce bai gane ba, ko ya ce zuciyarsa ta ƙi.

Jama'ar nan ta gefen Birnin Gwari ta rasa gini da bencuna, ta yi shekaru ba makiyayi kusa. Abin da ya riƙe ta shi ne sun saba zama su buɗe littafi tare tun kafin wahala ta zo. Ranar gudu ba a koyon wannan. Waɗansu daga cikinsu sun fara komawa ƙauye da rana su yi noma, su komo gari su kwana. Sun ce in Allah ya yarda suka koma gaba ɗaya, kafin su sayi kwanon rufi za su fara share gindin itace don ajin Laraba.

Ya ku iyaye, ku gwada wannan a gidajenku. Ku zaɓi yini guda a mako. Ku kira maƙwabci ɗaya ko biyu. Bari yaro ya karanta, a rufe littafi, kowa ya faɗi abin da ya ji. Ku bar kaka ta yi magana ko ba ta iya karatu ba, ku bar saurayi ya yi tambayarsa ko da tana da zafi. In aya ta yi muku wuya, ku nemi wata ayar da za ta haskaka ta, abin da ya gagara kuma ku kai wa fastonku.

Ku riƙa tunawa da Birnin Gwari cikin addu'a. Ku roƙa wa manomanta da makiyayanta zaman lafiya mai ɗorewa, Musulmi da Kirista. Ku roƙa wa sarki da masu mulki hikima da gaskiya. Ku tuna da waɗanda nasu ba su komo daga daji ba. Wanda kuma yake da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ba a karantawa a gidansa, ya ba dattawan ikkilisiyarsa su aika wa 'yan'uwa irin waɗannan, gama mutum 30 suna jiran littafi 4.